Tsakanin Wari Da Ƙamshi: Me Ya Sa Muke Jin Kunyar Daddawa?

Babu al'ummar da Allah ya halitta a bayan ƙasa face tana da wani abinci da 'ya'yanta ke santi a kansa, alhali baƙo in ya shaƙi iskarsa sai ya toshe hanci ya nemi ƙofa. Masu iya magana sun taƙaita zancen da suka ce abincin wani gubar wani. A ƙasar Hausa daddawa ce ke riƙe da wannan sarauta. Ita ke ɗaga darajar miyar kuka, ita kuma ke sa maƙwabci a unguwar ma'aikata ya rufe tagarsa. Shekaru aru-aru ba a taɓa jin Bahaushe ya nemi afuwar kowa saboda ita ba. Yau kuwa a gidajen 'yan boko da dama an kore ta daga ɗakin girki, inda ta tsira kuma sai ka tarar an ƙunshe ta cikin leda uku a ƙuryar kabad, ba a fito da ita sai ranar da babu baƙo.

Wannan maƙala za ta dubi irin waɗannan cimaka masu raba kan jama'a, namu da na wasu, har da na al'ummun da marubuta suka ƙaga a littattafai da finafinai. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, duk inda aka sami abinci mai ƙarfin wari, to an sami iyakar da ke raba ɗan gida da baƙo. Saboda haka ranar da mutum ya fara ƙyamar warin tukunyar gidansu, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa da hancin wa yake shinshina ta.

Abin da harshe ya adana

Bari mu fara da Hausar kanta. Aikatau guda ne, wato ji, ke ɗauke da aikin kunne da na hanci da na harshe da na fata, har da na hankali. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin ɗaci, muna jin sanyi, muna kuma jin Hausa. Wannan rowar da harshen ya yi wajen aikatau ya fanshe ta wajen sunaye. Duba yadda muka rarraba abin da hanci ke ɗauka. Akwai ƙamshi, akwai wari, akwai ɗoyi wanda ya fi wari muni. Ƙarni na kifi ne da jini da ɗanyen ƙwai. Zarni na fitsari ne. Ƙauri na abin da ya ƙone ne. Hamami kuwa a tambayi wanda ya taɓa zama kusa da bunsuru. A ɓangaren baki muna da zaƙi, ɗaci, tsami, bauri irin na ɗanyen ɗan itace, gardi irin na soyayyar gyaɗa, zartsi na ruwan wasu rijiyoyi, da maƙaƙi mai tsayawa a maƙogwaro.

Tun a 1955 masanin Hausa F. W. Parsons ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne. Kowacce gaɓa biyu gare ta, ta farko mai nauyi, tana ƙarewa da dogon wasalin i, karin sautinta kuma sama-sama ne. Daga cikinsu ake samar da sifofi irin su zazzaƙa, daddaɗa da zazzafa. Ma'ana, nahawun Hausa ya ware wa abubuwan da jiki ke ji aji na musamman. Wannan ba ƙaramin arziki ba ne. A 2014 Asifa Majid da Niclas Burenhult sun gwada mutanen Jahai na dazuzzukan Malesiya da masu jin Ingilishi a Amurka, suka tarar 'yan Jahai na kiran sunan wari cikin sauƙi kamar yadda suke kiran sunan launi, su kuwa masu Ingilishi sai kame-kame suke yi, suna cewa abu kaza ya yi kama da abu kaza. Bahaushe ya fi kusa da ɗan Jahai a wannan fage.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Kalmomin nan ba bayani kawai suke yi ba, hukunci suke yankewa. Da zarar ka ce ƙamshi ka yaba, da zarar ka ce wari ka kushe, babu tsaka-tsaki. Uwargida a ƙauye za ta ce miya ta ɗauki ƙamshin daddawa, jikarta da ta tashi a Abuja ta ce gidan na warin daddawa. Iska ɗaya ce ta shiga hancinsu.

Daddawa da danginta

Yadda ake yin daddawa sananne ne ga matan karkara. Ana dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tsawon yini ko kwana har ta yi laushi, a surfa ta a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a mazubi a lulluɓe ta da ɗuminta kwana biyu zuwa uku. A cikin wannan lulluɓi wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus subtilis ke farfasa furotin ɗin kalwar. Daga nan abubuwa biyu ke fita: iskar amoniya da danginta, waɗanda ke dukan hanci, da sinadarin gulutamet, wanda ke sa miya ta yi armashi a baki. Warin da daɗin tagwaye ne, ciki ɗaya ya haife su.

Ba mu kaɗai muka san wannan sirri ba. Yarbawa na kiran tasu iru, mutanen Mali da Burkina Faso na cewa sumbala, a Senegal netetu ce, a Gana kuwa sunanmu aka ara ake cewa dawadawa. Akwai daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, wadda ta fi ta kalwa ƙarfi, ita ma tana da 'yan'uwa: bikalga a Burkina Faso, mbuja a arewacin Kamaru, furundu a Sudan. Mutanen Darfur na tsima ganyen tafasa a tulu su sami kawal, wanda warinsa kan daɗe a yatsun wanda ya ci. Ita kanta bishiyar ɗorawa, sunan da masana tsirrai suka ba danginta, Parkia, Robert Brown ne ya raɗa shi a 1826 don tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Kogin Kwara wajen Busa.

Abin mamaki, 'yar'uwar daddawa ta jini tana can Japan. Natto waken soya ne da wannan ƙwayar bakteriya ɗaya ta sarrafa, yana da wari da yauƙi, ana karya kumallo da shi a kan shinkafa. Su kansu Japanawa ya raba kansu, domin mutanen gabashin ƙasar sun fi na yankin Osaka sonsa tun asali. Duk da haka sun ware masa ranar 10 ga watan Yuli, saboda a harshensu ana iya karanta bakwai da goma a ji sautin sunansa.

A Turai ma haka zancen yake. Mutanen arewacin Siwidin na da surströmming, wani ƙaramin kifin teku da ake tsimawa da ɗan gishiri, a rufe a gwangwani ya ci gaba da tsimuwa har gwangwanin ya kumbura. A waje ake buɗe shi, bisa al'ada a watan Agusta. A 1981 wani mai gida a Jamus ya kori ɗan haya saboda ya yayyafa ruwan kifin a matattakalar bene. Da magana ta je kotu a birnin Kolon, sai ɓangaren mai gidan ya buɗe gwangwani guda a gaban alƙalai, hujja ta tsaya, aka ba shi gaskiya. A 2006 wasu kamfanonin jiragen sama suka hana ɗaukarsa. Mutanen Aislan na da hákarl, naman wani kifin shak da ke da guba in yana ɗanye, sai an danne shi makonni sannan a rataye shi watanni kafin ya ciwu, yana tashin amoniya. Cukun Limburger kuwa, ƙwayar da ke ba shi warinsa dangin wadda ke zama a ƙafar mutum ce, har wani masani ɗan Holan, Bart Knols, ya nuna cewa sauron zazzaɓin cizon sauro na nufar cukun kamar yadda yake nufar ƙafa.

A kudu maso gabashin Asiya akwai ɗan itacen durian, wanda suke wa kirari da sarkin 'ya'yan itatuwa. An hana shiga jirgin ƙasa na cikin birnin Singafo da shi, amma a 2023 ƙasar Sin ta sayo na sama da dala biliyan 6. Ingilishi na da Marmite, wani baƙin abu mai ɗanko da gishiri da aka fara yi a 1902 daga ragowar yis na masana'antar giya, ana shafa shi a burodi. A 1996 masu tallarsa suka daina rarrashin maƙiyansa, suka gina tallar a kan cewa ko dai ka so shi ko ka ƙi shi. Yau sunan ya shiga harshensu, duk ɗan siyasar da ya raba kan jama'a gida biyu sai a kira shi da shi.

Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan abinci talauci da tsoron yunwa ne suka haife su. Wanda ba shi da isasshen gishiri, ko nama, ko wurin ajiya, dole ya nemi dabarar da abinci zai kai shi baɗi. Bayan wahalar ta wuce sai ɗanɗanon ya zauna, ya zama tutar gida.

Halitta ce ko tarbiyya?

Tambayar da ke biyo baya ita ce, shin hanci da kansa ne ke rarrabe ƙamshi da wari, ko koya masa ake yi? Binciken masana ya nuna kowane ɓangare na da rabonsa. A 2022 Artin Arshamian da Asifa Majid da abokan aikinsu sun ba mutane sama da 200 daga al'ummu daban-daban, mafarauta da manoma da masunta da 'yan birni, sinadarai goma su jera daga mafi daɗi zuwa mafi muni. Kusan ko'ina ƙamshin banila ne ya zo na ɗaya, sinadarin da ke cikin tsohon cuku da zufar ƙafa ya zo na ƙarshe. Bambancin al'ada bai wuce kashi 6 cikin 100 na saɓanin da aka gani ba. Wato in aka raba wari da tukunyarsa aka miƙa wa hanci tsurarsa, al'ummu daban-daban sun kusa yin ittifaƙi a kansa.

Sai dai ba wanda ke cin wari tsurarsa. A 2005 Edmund Rolls da Ivan de Araujo na Jami'ar Oxford sun shaƙa wa mutane iska guda, wani lokaci a rubuta musu cewa cuku ne, wani lokaci a rubuta cewa warin jiki ne. Da sunan cuku suka ce da daɗi, da sunan warin jiki suka yamutsa fuska, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna bambancin a zahiri. Kalma guda ta sauya abin da hanci ya kai wa ƙwaƙwalwa. Ga mai nazarin harshe wannan babban al'amari ne, domin yana nufin sunan da muka ba abinci wani ɓangare ne na ɗanɗanonsa.

Koyon kuma da wuri yake farawa. Julie Mennella ta nuna a 2001 cewa jariran da iyayensu mata suka riƙa shan ruwan karas lokacin goyon ciki ko shayarwa sun fi karɓar ɗanɗanon karas da aka fara ba su abinci. Paul Rozin ya yi nazarin yadda yara a ƙauyukan Meziko ke koyon son barkono sannu a hankali a gaban manyansu, har zafin da ya sa su kuka ya koma abin nema. Mu ma shaidu ne. Ba yaron da aka haifa da son ɗacin goro, ko gauta, ko shuwaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gidan da ya daina sa daddawa a miya ya yanke wa jikokinsa hukuncin ƙin ta ba tare da ya shawarce su ba.

Addini ma ya yi mana jagora mai kyau a nan. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen naman dabbar da Larabawa ke kira dabb, wadda malamanmu kan fassara da damo, a ɗakin Nana Maimuna, sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, illa dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. An raba ƙin rai da haramci, an kuma danganta ƙin da rashin sabo. A ɗaya ɓangaren an umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci. Wato ka ci abinka, kada ka aibata na wani, kada kuma ka cutar da jama'a da naka.

Abincin mutanen da ba a taɓa yi ba

Babbar shaidar cewa abinci iyaka ne tana wurin masu ƙaga labari. Duk marubucin da ya zauna zai ƙirƙiri al'umma, bayan ya ba ta suna da harshe, abu na gaba da yake ba ta shi ne abincin da zai tayar wa mai karatu hankali.

A finafinan Star Trek na Amurka akwai wasu mayaƙan sararin samaniya da ake kira Klingon. Masanin harshe Marc Okrand ne ya gina musu cikakken harshe, ya fitar da ƙamusunsa a 1985, a littafinsa na 1997 kuma ya ware sashe ga kalmomin girkinsu. Abincin alfaharinsu shi ne gagh, tsutsotsi da ake ci da ransu suna motsi. A wani kashi na shirin da aka nuna a 1989, an tura wani jami'i ɗan Adam aiki a jirginsu, ɗaya daga cikin jarrabawar da ya fuskanta kuwa a wurin cin abinci ce: in ya haɗiye, ya zama abokin tafiya. A wani kashi na 1995 sai aka juya madubin, wasu baƙin halittu biyu suka zauna suna kushe wani lemon kwalba na Amurkawa saboda zaƙinsa da kumfarsa, suna kuma tsoron cewa in ka daɗe kana sha sai ka fara sonsa, kamar dai yadda mulkin masu lemon ke shiga jiki.

J. R. R. Tolkien, wanda shi ma malamin harshe ne a Oxford, ya yi amfani da abinci wajen auna hali. Mutanen kirkinsa na da wata gurasa mai albarka, lembas, wadda ɗan kaɗan ke riƙe matafiyi yini guda, amma Gollum da zuciyarsa ta lalace in ya sa ta a baki sai ta shaƙe shi, ya fi son ɗanyen kifi. Terry Pratchett kuwa da raha ya zo. Wadanninsa na da burodi mai taurin dutse wanda har makami ake yi da shi, matafiyin da ke ɗauke da shi ba ya mutuwa da yunwa, domin da ya dube shi sai ya tuna akwai wani abin da gara ya ci. Amma waɗanda suka yi ƙaura zuwa birni na ajiye shi suna kewar gida. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibinmu a Turai na lallaɓa ƙullin kuka da daddawa a ƙasan akwati ya san inda Pratchett ya dosa.

Tatsuniyoyinmu sun riga su. Dodo kan dawo gida ya ɗaga hanci ya ce yana jin warin mutum, yarinyar da ke ɓoye a rumbu ta shiga uku. A hancin Dodo mu ne masu wari. Kakanninmu sun koya wa yara tun a gindin murhu cewa hukuncin hanci ya danganta da wanda ke shinshinawa.

Haɗarin yana zuwa ne idan aka ƙaga abinci aka jingina shi ga mutanen da ke raye. Fim ɗin Indiana Jones na 1984 ya nuna wata liyafa a fadar Indiya ana cin macizai da ƙwaƙwalwar biri, a ƙasar da miliyoyin mutanenta ko nama ba sa ci. Hukumomin Indiya ba su yarda da labarin ba, a Siri Lanka aka ɗauki fim ɗin. Haka harsuna ke yi a kullum. Ingilishi na kiran Faransawa kwaɗi, suna kiran Jamusawa da sunan tsimammen kabejinsu, Faransawa su rama da kiransu gasasshen naman sa. A gida Nijeriya, Ibo kan kira Yarbawa mutanen miyar manja, Yarbawa su kira su masu cin dutse ba ruwa. Tsakanin abokan wasa raha ce, ranar rikici kuwa kalmomin nan kan zama makami, domin wanda ka mayar da abincinsa ƙazanta ka kusa mayar da shi kansa ƙazami.

Amma labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Jonathan Swift, wanda ya fito a 1726. Gulliver ya zauna a ƙasar dawakai masu hankali, masu cin hatsi da madara, har ya ɗauki ra'ayinsu game da 'yan Adam. Da ya dawo Ingila matarsa ta rungume shi sai ya suma. Shekara guda bai iya zama da iyalinsa ba saboda warinsu, daga baya ma sai ya cusa ganye a hanci kafin ya zauna cin abinci da matar, hirarsa kuwa da dawakan da ya saya yake yi. Swift na yi wa mutumin da ya ari hancin wasu ya dawo yana shinshina danginsa dariya ne. Ina jin tsoron wasunmu sun fara kama da shi.

Dunƙule da abin da ya kora

A shekara guda, 1908, abubuwa biyu suka faru. Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya gano cewa gulutamet ne ke ba romo armashi, binciken da ya haifar da farin magi. Kamfanin Julius Maggi na Suwizalan kuma ya fitar da dunƙulensa. Yau sunan ya zama kalmar Hausa, kowane dunƙule magi ne kamar yadda kowane garin sabulu omo ne. Dalilan karɓuwarsa a fili suke: yana da araha, ba ya lalacewa, ba ya buƙatar daka, ba ya barin wari a hannu ko a tufafi. Macen da ke fita aiki da safe ba ta yi laifi ba don ta zaɓi sauƙi.

Sai dai a san abin da aka musanya. Sinadarin da dunƙule ke sayar mana shi ne wanda kakanninmu mata ke samarwa daga kalwa tun kafin a san sunansa. Daddawa na zuwa da furotin mai yawa, wanda ya sa ta zama naman talaka a miya, dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne, a lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, hawan jini kuma ya zama ruwan dare a asibitocinmu. Bayan wannan akwai matan karkara da sana'ar ke riƙe da su, akwai kuma ita ɗorawar. Manomi na barin bishiya a gona ne muddin tana da amfani, ranar da kalwa ta rasa mai saye, mai gawayi ne zai taya.

Dubi yadda wasu suka yi da nasu. Faransa ta kafa dokar kare sunan cukun Roquefort, mai shuɗin fumfuna a jikinsa, tun 1925. Koriya ta Kudu ta kai al'adar haɗa kimchi gaban UNESCO, aka sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2013. Ba ɗayansu da ya rage wari, suna da daraja aka ƙara musu. Mu kuwa mun saba jira sai an yaba mana namu daga waje. Zogale abincin marasa hali ne a idon 'yan birni har sai da Turawa suka fara zuba shi a kwalba. Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta a 2008, ta amince da acca a 2018, sai ga su a manyan kantunanmu da sabon farashi. Shin daddawa ma sai ta je ta dawo da sunan Turanci za mu buɗe mata ƙofa?

Ba ina cewa duk abin da ya tsufa ya yi wari lafiya ne ba. Masarawa na cin fesikh, tsimammen kifi, a bikin Sham an-Nasim, kuma a 1991 gubar da ta fito daga wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba ta kashe mutum 18 a Alƙahira. Tsakanin tsimuwa da ruɓewa akwai ilimi, kuma nan ne aikin masu boko yake. Sassan kimiyyar abinci na jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kan daddawa, abin da ya rage shi ne sakamakon ya bar kabad ya isa hannun masu sana'ar: tsabtar ruwa da mazubi, shanya a inda ƙura da ƙuda ba sa kaiwa, niƙa ta gari, da rufe ta a mazubin da zai riƙe iskarta har ta shiga jirgi ba tare da ta kunyata mai ita ba. In kana da kyau ka ƙara da wanka.

Mu kuma masu harshe da alƙalami namu aikin shi ne gyaran suna. Littattafan makaranta da shirye-shiryen girki na rediyo da talabijin su daina kiran daddawa ruɓaɓɓiyar kalwa, su bayyana wa yara cewa sarrafawa ce irin wadda ke mayar da madara kindirmo. A tattara kalmomin wari da ɗanɗano na karuruwan Hausa daga Sakkwato zuwa Damagaram kafin tsofaffin da suka san bambancinsu su ƙare. Wanda ransa bai karɓi daddawa ba, ba a tilasta masa, yana da abin koyi a hadisin damo. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya so ta a ɓoye ya kushe ta a bainar jama'a, ko ya hana 'ya'yansa saninta don kada a ce masa baƙauye. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya sa mu gane, ya kuma albarkaci abin da muke ci.